Me Ya Sa Ɗakin Ƙasa Ke Sanyi da Rana, Ya Yi Zafi da Dare?

Akwai maganar da kusan kowa ya yarda da ita a ƙasar Kabi, tun daga Argungu har Yawuri: ginin ƙasa ya fi na bulo sanyi. Dattawa na faɗa, magina na faɗa, har wanda ya rushe gidan ubansa ya tayar da na siminti yakan faɗe ta idan Afrilu ya kama. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta cika ba. Duk wanda ya taɓa kwana cikin soro a tsakiyar bazara ya san sauran. Ɗakin da ka shiga da azahar ka sauke ajiyar zuciya, shi ne bayan isha'i ba ya shiguwa. Ka jingina da bango ka ji ɗumi a gadon bayanka, alhali rana ta daɗe da faɗuwa. Bangon nan dai shi ne, bai canja ba. Fahimtar abin da yake yi tsakanin azahar da isha'i ita ce za ta nuna wa mai gida inda ya kamata ya sa kuɗinsa da inda zai yi asara.

Laka ba ta hana zafi wucewa. Abin da take yi shi ne jinkirta shi. Mu ɗauki tukunyar ƙasa da ta dalma a kan murhu ɗaya: ta dalma nan da nan ta ɗauki zafi, ana sauke ta ta huce, ta ƙasa sai an daɗe ana iza wuta kafin ta ji, kuma bayan an sauke ta miya na ci gaba da tafasa. Haka bango yake, ko da tubali aka tayar da shi ko kuwa curin laka aka yi ta ɗorawa hawa-hawa. Zafin da rana ta buga wa bayansa yana ratsawa a hankali, kuma bango mai kaurin santimita 30 yakan riƙe shi kimanin awa takwas zuwa goma kafin ya ɓulla ta ciki. Kafin ya iso ma ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Ke nan zafin ƙarfe biyu na rana shi ne baƙon da ke sallama wajen goma ko sha biyun dare. Sanyin asuba kuma shi ne wanda kake mora da azahar. Bulo mai rami, mai inci shida, da kwano a kansa ba shi da wannan haƙurin. Kafin la'asar ya miƙa wa na ciki duk abin da ya karɓa.

Daga nan ne lissafin da mutane ba su cika so su ji ba yake fitowa. Ɗaki mai kaurin bango, idan an rufe shi an bar shi, zafin cikinsa yakan tsaya kusa da tsaka-tsakin zafin rana da na dare. A watan Janairu, lokacin hunturu, ma'auni a Birnin Kabi kan haura digiri 30 da rana, ya sauko ƙasa da 20 da asuba. Tsakiyarsu wuri ne mai daɗi, shi ya sa ɗakin ƙasa ba shi da na biyu a wannan lokaci: ɗumi da dare, sanyi da rana. Amma a Afrilu da farkon Mayu rana na kai 40 ko fiye, dare kuma da ƙyar yake sauka zuwa 27 ko 28. Tsakiyar waɗannan wajen 34 ne. Digiri 34 rahama ne ga wanda ya shigo daga rana mai 41, amma azaba ne ga mai neman barci da ƙarfe sha ɗaya, lokacin da iskar waje ta riga ta fi ta ɗaki sauƙi. Ƙara wa bango kauri ba ya sauko da wannan tsaka-tsakin. Abin da yake yi kawai shi ne daidaita shi. Wanda ya ce zai yi bango kamu uku don ya sami sanyi a bazara, ya sayi ƙarfi da ƙarko, amma bai sayi sanyin dare ba.

Kakanninmu sun san haka ko da ba su da ma'auni, kuma ba su ɗora wa bango abin da ba zai iya ba. Gida a wurinsu ba ɗaki ɗaya ba ne. Akwai soro ko shigifa na wunin rana, akwai zaure mai dogon rufi da ƙofofi biyu da ba sa kallon juna, akwai ɗakin jinka wanda ciyawarsa ke tare rana tana kuma barin iska ta tsiyaya ta sama, akwai rumfa, akwai inuwar ceɗiya ko durumi. Idan dare ya yi a bazara kowa ya ja tabarma zuwa tsakar gida, samari su kwana a ƙofar gida. Kwanan waje ba don iska kaɗai yake da daɗi ba. Sararin sama, idan babu hadari, yana zuƙe zafi daga duk abin da ke fuskantarsa, ƙasa ce, rufi ne ko jikin mutum. Ɗakin kuma da aka bari a buɗe babu kowa yana ta amayar da zafinsa har asuba, ya shirya wa gobe. Wato rabin dabarar tana cikin gini, rabi tana cikin yadda ake zama a gidan.

Abin da ya faru a 'yan shekarun nan shi ne mun riƙe bangon, mun sauya duk abin da ke kewaye da shi. Babban canjin yana sama.

A inda muke, digiri 12 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar kanmu sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. A daidai lokacin da zafi ya fi tsanani, rufi ne ke shan kusan duk zafin tsakar rana, ba bango ba. Hasken rana mai ƙarfi yana sauke kimanin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita huɗu tsawo huɗu faɗi, rufinsa na karɓar wat 16,000 da tsakar rana. Rufin soro, da azararsa da zanarsa da lakar da aka daɓe a kai, yana yi wa wannan zafi abin da bango ke yi, ya jinkirta shi ya rage masa ƙarfi. Kwano kuwa kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Yana iya haura digiri 60, musamman idan ya tsufa ya yi tsatsa, kuma yana watso zafin nan kai tsaye a kan duk abin da ke ƙasa: kan mutum, gado, daɓe, da cikin bango. A nan ne ɓarnar take. Bangon da aka gina don ya tare zafi daga waje, yanzu daga ciki ake ɗura masa, wuni guda, kuma halinsa na riƙo yana nan. Ɗakin ƙasa mai rufin kwano babu silin yana iya haɗa sharrin biyu, zafin kwano da rana da ɗumin laka da dare.

Ba na cikin masu zagin kwano. Wanda bai taɓa tashi cikin dare yana tara kwanoni a ƙarƙashin yoyon soro ba, ko ya ga yadda rufi ya zubo wa mutane a watan Agusta, shi ne ke yi wa kwano kallon raini. Soro na son hidima duk shekara: a gyara yaɓe, a duba indararo, a toshe tsaga kafin ruwan farko. Azara ta yi tsada domin giginya ta yi ƙaranci, kuma ita kanta ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kimanin mita biyu sai da gwanintar bakan gizo ko ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan laka da ke ɗauke da rufi, waɗanda masu iya su ke raguwa. Laso, yaɓen hana ruwa wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema, da makuba ta ɓawon ɗorawa, yau sai an yi cigiya. Mutane ba wauta suka yi ba da suka koma kwano. Tambayar ita ce yadda za a ci moriyarsa a damina ba tare da an sha wuyarsa a bazara ba.

Amsar da ta fi kowace inganci ita ce rufi biyu da iska a tsakani. Francis Kere, ɗan Burkina Faso da ya ci babbar kyautar zanen gine-gine ta Pritzker a 2022, da wannan dabara ya yi suna tun makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001: silin na tubalin ƙasa a ƙasa, kwano mai faɗi a ɗage can sama, iska na ratsawa tsakaninsu tana kwashe zafin kafin ya sauko. Kwanon ya zama laima ga lakar, ya kare ta daga rana, ya kare ta daga ruwa. Mai tsohon soro da ke yoyo bai kamata ya fara da tunanin rushe rufin ba. Idan azara na da lafiya, gara ba ta ci ba, a ɗora kwano a kansa, a bar tazara ko da kamu biyu ce, a bar gefuna a buɗe ko a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye. Sai dai a ɗaure shi da kyau, da waya ko ƙarfe da aka binne cikin gini, domin iskar farkon damina rufi irin wannan take nema.

Wanda ɗakinsa kwano ne tun asali, silin shi ne gyaransa na farko, kuma ba dole sai na kanti ba. Zana, asabari ko kara da aka jera aka shafe da laka marar nauyi suna aiki. Kabi kuma na da wani arziki da ake ƙonawa ko a bari ya ruɓe a bayan injinan casa: buntun shinkafa. Busasshen buntu yana tare zafi fiye da laka nesa ba kusa ba, ba ya saurin ruɓewa, kuma ana iya cusa shi a buhuna a shimfiɗa bisa silin, muddin katakon zai ɗauka, kuma an nisanta shi da wayar lantarki. Kuskuren da na fi gani shi ne a buga silin a toshe ko'ina, iskar da ke tsakaninsa da kwano ta rasa mafita. A nan za ta tsaya ta gasu, ta gasa silin, silin ya gasa ɗaki. Ƙananan kafofi biyu a saman bango, wannan gefe da wancan, sun isa su canja labarin. Fentin fari a bayan kwano shi ma yana taimakawa sosai, ko da yake ƙurar hunturu na dusashe shi, sai an riƙa wankewa ko sabuntawa.

Bayan rufi sai bangon yamma. Bangon kudu da na arewa ba su da wata babbar matsala a bazara, domin rana na sama, 'yar lanƙwasar rufi ta isa ta yi musu inuwa. Na gabas yana shan hantsi, amma a lokacin iska ba ta gama zafi ba. Na yamma shi ke karɓar rana ido da ido daga bayan azahar har gab da magariba, a daidai lokacin da iskar kanta ta kai ƙarshen zafinta. Ka ƙara awa takwas ko goma a kai, ka ga inda ya faɗa: tsakiyar barci. Ka zaga ɗaki bayan isha'i kana ɗora tafin hannu a kan kowane bango, ba sai an gaya maka wane ne na yamma ba. Kuma abin mamaki, sau da yawa nan ake jingina gado. Mai sabon gini ya miƙar da tsawon ɗakin daga gabas zuwa yamma, yadda gajerun bangaye ne za su fuskanci fitowa da faɗuwar rana, ya kuma ajiye ɗakin ajiya ko makewayi a ɓangaren yamma. Wanda ya riga ya gina, rumfar zana a jikin bangon, da tazarar da iska za ta wuce, tana yin aiki tun ranar da aka kafa ta. Dogon yaro ya fi ta, amma sai an jira shi shekaru, kuma a dasa shi nesa kaɗan saboda saiwa. Farar ƙasa a bayan bango tana mayar da mafi yawan hasken da jar ƙasa za ta shanye. Illarta ɗaya, idan bangon na kallon tsakar gida, ƙyallin na komawa idon masu aiki a wurin.

Yaɓen siminti a kan laka kuwa, wanda shi ne abin da mai gida ke fara yi idan ya sami kuɗi, ba ya ƙara sanyi ko kaɗan, kuma yana da nasa ciwon. Laka na shan laima tana fitarwa, tana kumbura tana tsukewa. Siminti ba ya bin ta. Bayan damina biyu ko uku sai siririyar tsaga ta bayyana, ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita. Ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ka ji yana amsawa fanko, wato ya rabu da bangon, abin da ke bayansa kuma ya jiƙe yana narkewa ba wanda ya gani. Inda siminti ko dutse ke da amfani na gaske shi ne gindin gini. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a Kabi, ta kuma kwantar da gidajen ƙasa da yawa, kuma ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa idan ruwa ya kwanta masa. Harsashi mai tsayi da rufi mai fitowa sun fi yaɓe kare bango. A Yawuri da Zuru, inda ruwa ya fi yawa kuma iska ta fi laima, wannan ya fi zama dole fiye da Kamba ko Kangiwa, haka ma manyan tagogi masu kallon juna.

Sai maganar taga, wadda ake yawan yi a juye. Da rana, lokacin da iskar waje ke 40, buɗe taga shigo da wuta ne. Ɗakin ƙasa a rufe yake so tun daga hantsi har rana ta yi sanyi. Da dare, musamman daga tsakar dare zuwa asuba, a lokacin ne yake bukatar kowace kafa a buɗe, domin iskar da ke ratsawa ita ce ke kwashe zafin da bango ya tara. Da wannan ne kawai ake iya sauko da ɗaki ƙasa da tsaka-tsakin da muka lissafa. Iska mai zafi sama take yi, don haka kafa ɗaya kusa da rufi da wata ƙasa-ƙasa a ɗaya gefen suna jan iska ko da ganye ba ya motsi a waje. Ƙaramar fankar sola da aka ajiye a bakin taga tana turo iskar asuba ciki ta fi amfani ga ɗakin fiye da wadda ke juya iskar ciki a wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma na gargaɗin cewa idan zafi ya wuce digiri 40, fanka na iya ƙara wa jiki zafi maimakon ta rage.

Faɗar wannan na da sauƙi. A garuruwan da ke bakin fadama sauro ba ya barin taga a buɗe sai da raga. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba, a kudancin Kabi da makwabciyarta Zamfara, kwanan tsakar gida da barin ƙofa a buɗe sun zama abin da mutum zai yi tunani sau biyu. A cikin birni kuma rabon gado ya yanka gidaje, an gina ɗakuna a inda tsakar gida take, an sare bishiyar da ke tsakiya, ɗan filin da ya rage an malale shi da siminti wanda shi ma yana tara zafi ya sake shi da dare. Mutum takwas a ɗaki ɗaya rufe, kowane jiki yana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100. Ba batun jin daɗi kaɗai ba ne: cunkoso a rufaffen ɗaki lokacin zafi da ƙura yana cikin abubuwan da ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa, kuma annobar 2017 da ta fi tsanani a Zamfara ba ta yi nisa a tunanin mutane ba. Saboda haka a ganina ƙananan kafofi masu ƙarfe da raga, can sama inda hannu ba ya kai, ba ado ba ne a gidan yau. Su ne kawai hanyar da ɗaki zai sha iskar dare alhali ƙofa na kulle.

Matan gida, waɗanda su ne ke wuni a ciki, suna da dabarun da suka cancanci a duba dalilinsu. Yayyafa ruwa a daɓe da la'asar, rataya jiƙaƙƙen zane a ƙofa, ajiye randa a lungun da iska ke bi: duk aiki ɗaya ne, ruwa na ɗaukar zafi idan zai bushe. Da wannan hikima Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Amma dabarar na da lokacinta. A Fabrairu da Maris, iska a bushe take ƙayau, yayyafi na aiki nan take. Idan Mayu ya shigo, iskar kudu ta fara kawo laima, hadari na haɗuwa yana watsewa, ruwan ba ya bushewa da sauri, sai dai ya ƙara wa ɗaki gumi. Kuma a kowane lokaci kada a bari ya taɓa gindin bango. Daɓen ƙasa ko na siminti tsirara ya fi sanyi ga mai kwanciya, domin ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba ta bin zafin rana. Leda da kafet suna raba jiki da wannan sauƙin, gara a naɗe su har ruwa ya sauka. Murhu kuma, idan a jikin bangon ɗakin kwana yake, kowane girki ƙari ne a kan abin da bangon zai mayar da dare. Matsar da shi taku biyar zuwa ƙarƙashin rumfa ba ya cin ko kwabo.

Lokacin yin waɗannan ayyuka shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu: zana da kara na da araha, buntu ya taru a injina, laka na bushewa a hankali ba ta tsagewa kamar a bazara, magina ma ba su tafi gona ba. Mai kuɗi kaɗan ya fara da silin da kafofinsa, in da saura ya kafa rumfa a yamma, sannan raga da ƙarfen taga. Ɗakin da za a fara yi wa shi ne na tsofaffi da na mai jego, domin jikinsu ne ya fi kasa jure daren da ba ya hucewa.